Mutum da Itace: Daga Majigin Amurka zuwa Gonakin Damargu

A shekarar 1967 wani masanin tarihi Ba'amurke, Lynn White, ya buga maƙala a mujallar Science yana ɗora wa Kiristancin Turai alhakin lalacewar muhalli. Hujjarsa ita ce Littafin Farawa ya ba ɗan Adam mulki a kan sauran halitta, mabiya kuwa suka ɗauke shi izinin cin daji yadda suka ga dama. A 1970 malamin Kirista Francis Schaeffer ya mayar da martani da littafi. Ya yarda coci ta yi sakaci, amma ya ƙi maganin da wasu ke kawowa, wato a ɗaga halitta zuwa matsayin abin bauta. A wurinsa mutum mai riƙon amana ne, kuma za a tambaye shi.

Daga nan gardamar ta shiga gidan silima. A fim ɗin Silent Running na 1972, dazuzzukan duniya na ƙarshe suna cikin kumbo a sararin samaniya, mai kula da su kuma ya kashe abokan aikinsa don ya cece su. Soylent Green na 1973 ya nuna birnin New York maƙil da mutane har ana sarrafa gawa a mai da ita abinci. A 2008, cikin sabon The Day the Earth Stood Still, baƙo ya sauko daga sama zai share ɗan Adam don ƙasa ta huta. Da James Cameron ya fitar da Avatar a ƙarshen 2009, jaridar fadar Paparoma, L'Osservatore Romano, ta soke shi a Janairun 2010 da cewa ya karkata ga bautar halitta. Ƙorafin masu sukan bai canza ba tun zamanin Schaeffer: finafinan nan suna ɗaukar mutum cuta ce a jikin ƙasa, waraka kuwa sai an rage shi. Ba duk masu sukan ne ke da tsabtar niyya ba, don akwai waɗanda suka fake da ayar mulki su musanta ɗumamar yanayi gaba ɗaya. Su ne Paparoma Francis ya yi wa gyara a wasiƙarsa Laudato Si' ta 2015.

A shekarun da ake wannan ja-in-ja, yankin Damargu a Nijar yana ganin abin a zahiri. Ƙasar da ta daɗe tana ciyar da ayarin Abzin da gero ta sha farin 1973 da 1974, ta sake shan na 1984. Dabbobi suka mutu, iska ta riƙa binne shuka da rairayi, manomi ya yi ta sake shuka a damina ɗaya. Dokar daji kuwa, tun ta Faransa ta 1935 har ta Nijar ta 1974, kallon ɓarawo take yi wa manomi. A lokacin, itacen da ya tsiro a gonarka na gwamnati ne, in ka sare reshe ma'aikacin gandun daji ya ci ka tara. Don haka mai wayo sai ya tumɓuke tsiron tun yana ƙarami. Tunanin da ke cikin majigin, cewa sai an raba mutum da itace kafin itace ya rayu, an riga an gwada shi a nan, bai haifi ɗa mai ido ba.

Juyin ya faro daga Maraɗi. Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya mai aikin mishan da ƙungiyar SIM, ya yi ta dasa itatuwan reno suna mutuwa. A 1983, ya tsaya rage iskar tayar motarsa don ya ratsa yashi, sai ya lura da cewa ƙananan kurmin da ke gonaki ba ciyawa ba ce, toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare, saiwarsu na nan da rai. Abin da ake bukata wuƙa ce kawai: a zaɓi rassa kaɗan masu ƙarfi, a datse sauran, a kare su daga awaki. A yunwar 1984 aka haɗa aikin da rabon abinci. Da abinci ya ƙare da yawa suka sare nasu, amma waɗanda suka bari sun ga itacen girki da inuwa da ƙarin amfanin gona, maƙwabta suka kwaikwaya. Manoma suka raɗa wa aikin suna sassabin zamani. Daga baya masu bincike irin su Chris Reij da Gray Tappan suka ƙiyasta cewa ya game kusan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram, inda gawo ya koma gonaki. Ɗan mishan ne ya lura, amma Musulmin ƙauye ne suka yi aikin, mutanen da batun halifanci da amana ba baƙo ba ne a kunnensu.

Damargu ta fi Maraɗi ƙarancin ruwa, sai ta bi hanyarta. A 1987 Arne da Bettan Garvi suka kawo gidauniyar Eden, suka kafa gonar gwaji a Dalli kusa da Tanut. Ba reno, ba ban ruwa: ana binne irin itatuwan daji masu 'ya'yan ci kai tsaye a ƙasa, wanda ya jure a raba wa manoma irinsa kyauta. A matsin 2005, lokacin da baƙin 'yan jarida ke ɗaukar hoton mata suna tsinkar anza a matsayin shaidar yunwa, mutanen Eden sun dage cewa abincin kaka da kakanni ne, wanda ake jiƙawa kwanaki ana sauya ruwa har ɗacinsa ya fita.

A 2004 Nijar ta sake dokar daji, ta ba jama'a ƙarin hannu. A 2018, shekarar da wani mugun fim mai suna Thanos ya hallaka rabin halitta a majigi da sunan daidaita duniya, aka ba Rinaudo da Yacouba Sawadogo, manomin Burkina Faso, lambar yabo ta Right Livelihood.