Igiyar Andon

Igiyar Andon igiya ce da ke rataye a saman layin haɗa motoci a wasu masana'antun Toyota, wadda kowane ma'aikaci yake da ikon ja da zarar ya ga matsala, ko da ƙusa ɗaya ce ba ta ɗauru ba. Yana ja, fitila ta kama a allo, kiɗa ya tashi, shugaban rukuni ya garzayo. In ba a gyara ba kafin motar ta bar wurinsa, sai layin ya tsaya cik.

Tushen tsarin shi ne injin saƙa na 1924 na Sakichi Toyoda, wanda ya kafa rukunin kamfanonin Toyota, inji mai tsayawa da kansa idan zare ya tsinke. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Taiichi Ohno, injiniya a Toyota, ya shigar da dabarar cikin ƙera motoci a Japan, ya damƙa wa ƙananan ma'aikata hukuncin tsayar da layi, wanda a da sai manaja.

A 1984 Toyota da General Motors suka sake buɗe masana'antar General Motors ta Fremont a Kalifoniya, wadda aka rufe a 1982. Akasarin ma'aikatan tsofaffin ma'aikatan masana'antar ne da aka dawo da su, aka ba su igiyar, kuma ingancin motocin ya shiga sahun gaba a kamfanin General Motors.