Daga kwari zuwa tudu: tarihin dokokin tsara unguwanni a birnin Maraɗi

Birnin Maraɗi yana da wani abin lura da ya bambanta shi da sauran tsofaffin biranen ƙasar Hausa. Sunayen unguwanninsa na tsakiya, irin su Bagalam da Ƴandaka da Maraɗawa da Limanci da Ɗan Gulbi da Mokoyo, sunaye ne na kaka da kakanni, amma hanyoyin da ke ratsa su miƙaƙƙu ne masu faɗi, suna gitta juna kamar gidan dara. Babu lungunan nan masu karkacewa da aka sani a Birnin Damagaram ko a cikin badalar Kano. Dalili kuwa shi ne, garin da ake gani a yau an gina shi ne bayan ambaliyar shekarar 1945, bisa zanen da aka shata a takarda tun kafin a aza tubalin farko. Saboda haka tarihin Maraɗi ya dace da duk mai neman sanin wanda ke da ikon cewa a nan za a yi gida, a nan hanya za ta wuce, a nan kuma ba za a gina kome ba.

Tsarin birni kafin zuwan Nasara

Bayan da mayaƙan jihadi suka ci Katsina a 1807, gidan sarautar Haɓe ya yi gudun hijira zuwa arewa, har Sarki Ɗan Kasawa ya kafu a Maraɗi wajejen 1819. An zauna a cikin kwarin Gulbin Maraɗi, domin ruwa yana kusa, fadama tana ba da abinci, kurmin da ke kewaye kuma yana tare dawakin abokan gaba. Mutanen da ke cikin halin yaƙi tsoron mahara ya fi damunsu bisa ga tsoron ruwa, shi ya sa suka kewaye kansu da ganuwa a wurin da gulbi ke iya kaiwa.

Rashin rubutaccen zane bai hana birnin samun ƙa'ida ba. Ƙasa tana hannun sarki, shi kuma yana damƙa unguwanni ga masu sarauta da malamai, kamar yadda sunayen Ƴandaka da Limanci ke nunawa har yau. Mai neman wurin zama yakan je wurin mai unguwa, a nuna masa kango ko fili, ya kafa danga, in ya samu hali ya tayar da katanga. Gida yakan faɗaɗa gwargwadon yawan iyali: ɗa ya yi aure, a yanka masa sashe, a ƙara ɗaki. Kamar yadda aka saba a biranen Hausa, masu sana'a ɗaya sukan zauna kusa da juna, sana'o'i masu wari ko hayaƙi irin su jima da fawa a tura su gefe, fatake kuma su sauka a zango.

A kan wannan al'ada akwai hukuncin fiƙihun Malikiyya da malamai ke karantarwa daga Risala da Muhtasar. Ginshiƙinsa shi ne hana cutar da maƙwabci. Ba a buɗe taga da za ta leƙa tsakar gidan wani, ba a kafa ƙofa daidai saitin ƙofar maƙwabci, ba a juya indararo ya zuba a jikin katangar wani, ba a kuma cin hanyar jama'a da gini. Wannan doka ce da ke farawa daga maƙwabci ta kai ga unguwa, kuma mai tsaron ta yana zaune a cikin unguwar, kowa ya san ƙofar zaurensa.

Dokar Nasara da takardar fili

Yarjejeniyoyin kan iyaka na 1904 da 1906 tsakanin Faransa da Ingila sun bar Maraɗi a hannun Faransawa, Katsina kuma a hannun Ingilishi. Sabbin masu mulki sun zo da wata fahimta dabam game da ƙasa. Dokar 23 ga Oktoba 1904 ta ce duk ƙasar da babu kowa a kanta, ba ta kuma da mai ita, ta gwamnati ce. Dokar 24 ga Yuli 1906, wadda ta 26 ga Yuli 1932 ta maye gurbinta, ta kafa rajistar filaye a yankin Afirka ta Yamma da Faransa ke mulka, ta yadda cikakkiyar mallaka ba ta tabbata sai an auna fili an shigar da shi cikin kundi. Gonar gado da kowa ya san mai ita, tun da ba ta da takarda, sai ta zama abin da hukuma ke iya ɗauka idan gari ya matso.

Tare da wannan akwai manufar raba mazauni, wadda aka jingina da kiwon lafiya. A Kano, dokar garuruwa ta 1917 ta wajabta barin fili mai faɗin yadi 440 babu gini tsakanin unguwar Turawa da mazaunin ƴan ƙasa. A Damagaram, wadda ta riƙe matsayin babban birni har zuwa 1926, Faransawa sun kafa barikinsu da ofisoshinsu a wajen Birni da Zango. A Yamai, kwarin Gunti Yena ne aka mayar iyaka tsakanin tudun ma'aikata da garin talakawa. A Maraɗi ma, wadda ta zama mazaunin kumandan a 1927 bayan an ɗauke shi daga Tasawa, ofisoshi da kantunan kamfanonin sayen gyaɗa sun hau tudu, jama'ar gari kuwa suna ƙasa cikin kwari.

Ambaliyar 1945

A daminar 1945 gulbi ya cika ya batse, ruwa ya shiga tsohon birni, gidajen laka suka jiƙe suka zube. Hukumar mulkin mallaka ta yanke shawarar kada a sake gini a wurin, a tayar da gari ɗungurungum a mayar da shi bisa tudu. Aka auna ƙasa, aka shata hanyoyi, aka yanka murabba'ai, aka ware wurin fada da dandalinta da masallaci da kasuwa. Unguwanni suka hau tudu da sunayensu da masu unguwanninsu, kowace aka nuna mata rabonta. Daga nan ne kalmar kare, wato yankakken fili mai kusurwa huɗu, ta zauna daram a bakin Maraɗawa, har daga baya wata unguwa ta ci sunan Sabon Kare.

Wannan ƙaura ta yi amfani da ba a musunsa. Ta raba jama'a da bakin gulbi, ta ba gari hanyoyin da motocin gyaɗa za su bi, ta kuma sauƙaƙa jan ruwan famfo da wutar lantarki a shekarun da suka biyo baya. Amma ta sauya rayuwar gida ta fuskoki uku. Na farko, gida ya samu iyaka da turakun siminti, ba ya iya faɗaɗa, don haka ɗan da ya yi aure sau da yawa sai ya nemi nasa fili a wata unguwa, babban gida ya fara rarrabuwa. Na biyu, takardar izinin zama da ake bai wa talaka izinin amfani ce kawai, cikakkiyar mallaka kuwa sai wanda ya raya fili da ginin da hukuma ta yarda mai ɗorewa ne. Ta haka ginin laka, wanda magina suka gada suka ƙware a kansa, ya koma ƙasa da na siminti a idon doka. Na uku, ikon raba fili ya fara sulalewa daga zauren mai unguwa zuwa ofis, inda ake magana da harshen da yawancin jama'a ba su ji.

Bayan samun ƴancin kai

Jamhuriyar Nijar ta gaji wannan tsari kusan yadda yake. Dokar 11 ga Yuli 1959 kan filayen gwamnati ta riƙe matakan nan na da: a ba mutum fili na wucin gadi, ya raya shi cikin wa'adi, sannan a tabbatar masa. Dokar 24 ga Nuwamba 1961 ta tsara yadda ake karɓar ƙasa don amfanin jama'a tare da biyan diyya. Hanyar faɗaɗa gari ta zama guda ɗaya, wato lotisma: hukuma ta karɓi gonakin bakin gari, ta auna, ta yanka filaye masu murabba'in mita 600 ko 400 ko 300, ta ware wuraren makaranta da gidan likita da kasuwa da masallaci, ta sayar da saura.

Sai dai garin ya yi gudun da takarda ba ta iya cim masa ba. Cinikin gyaɗa, da fataucin da ya bunƙasa lokacin yaƙin basasar Nijeriya daga 1967 zuwa 1970, sun tara dukiya a hannun alhazai, waɗanda Emmanuel Grégoire ya yi nazari a kansu a littafinsa na 1986. Farin da aka yi daga 1968 zuwa 1974, da na 1984, sun koro mutanen karkara zuwa birni. Ƙidayar 1977 ta samu mutum kusan 45,000 a Maraɗi, ta 1988 fiye da 110,000, ta 2001 kusan 148,000, ta 2012 kuma kusan 267,000. Unguwanni irin su Sabon Gari da Sura Bildi da Zariya da Burja da Ali Ɗan Tsoho suka yi ta ɓullowa bi da bi. Fili ya zama ma'ajiyar kuɗi: mai hali ya sayi da yawa ya ajiye yana jiran tsada, marar hali ya kama haya ko ya kafa bukka a kangon wani.

Lokacin da baitulmali ya yi ƙaranci a shekarun 1990, lotisma ta ƙara wani aiki da ba don shi aka ƙirƙiro ta ba. Ma'aikatun magajin gari sun gano cewa sayar da filaye ita ce hanya mafi sauri ta samun kuɗin shiga, har gwamnati ta kai ga biyan ma'aikata bashin albashinsu da filaye, musamman a Yamai. Dokar karkara ta 2 ga Maris 1993 ta amince da mallakar gado daidai da ta takarda, abin da ya ƙarfafa hannun masu gonaki, aka riƙa ba su wani kaso na filayen da aka yanka daga gonakinsu. Daga ƙarshen shekarun 1990 ƴan kasuwa masu zaman kansu su ma suka shiga harkar. Sakamakon da aka gani a manyan biranen ƙasar kusan iri ɗaya ne: a yanka unguwa a kafa turaku, babu magudanar ruwa, babu famfo, babu hanyar kirki, wuraren da aka ware don amfanin jama'a kuma a yi ta gutsurarsu ana sayarwa. An sake rubuta dokar tsara birane a 1997 da 2008 da 2013 da 2017, kowace tana wajabta zanen gari da izinin gini. Yawan sauyin shi kansa shaida ne cewa matsalar tana wajen aiwatarwa.

Ruwa ya biyo gari bisa tudu

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Masu zanen 1945 sun tsare gari daga ruwan da ke tasowa daga gulbi, amma miƙaƙƙun hanyoyin yashi da ke gangarawa kwari sun zama magudanai a duk damina. Yayin da rufin kwano da daɓen siminti suka yawaita, ƙasar da ke shanye ruwa ta ragu, kwazazzabai suka riƙa cin bakin tudu suna matsowa gidaje. Dam ɗin Jibiya da aka gina a Nijeriya a kan wannan gulbi ya rage kwararar ruwansa tun farkon shekarun 1990, abin da ke iya sa a manta dalilin da ya tayar da kakanni daga kwari. A ƙarshen watan Agusta na 2024 ruwan sama kimanin milimita 150 ya sauka a Maraɗi cikin ƙasa da sa'a biyu, aƙalla mutum 15 suka rasu, gidaje masu yawa suka rushe. A wannan daminar ce tsohon masallacin Birnin Damagaram ya faɗi, ƙasar baki ɗaya kuma ta yi asarar rayuka kusan 400.

Idan aka jera zamunan uku, za a ga kowane ya riƙe wani abu ya saki wani. Tsarin gargajiya ya san haƙƙin maƙwabci, yana da mai tsaro a kusa, amma bai hango girman birni ba. Tsarin Nasara ya kawo awo da hangen nesa, amma ya shata shi ba tare da shawarar masu zama ba, ya kuma ƙasƙantar da gininsu. Tsarin bayan ƴancin kai ya ba dubban iyalai takardar fili, amma ya bar buƙatar kuɗi ta rinjayi buƙatar tsari. Dokar gini mai amfani tana buƙatar awon injiniya da idon mai unguwa a lokaci ɗaya.

A nan ne malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu ke da rawar takawa. Dattawan da suka ga ƙaurar 1945 da idonsu sun haura shekara tamanin, kuma a bakinsu ne kawai za a ji inda kowace unguwa take a kwari da yadda aka raba kare-kare a tudu. Ɗaukar wannan labari aiki ne na gaggawa. Haka kuma zanen kowace lotisma yana nuna filin da aka ware wa makaranta da hanyar da aka bar wa ruwa. Unguwar da ɗalibanta da iyayensu suka san waɗannan wurare, suka kuma san cewa nasu ne, da wuya a wayi gari a tarar an kewaye su da katanga ba tare da wani ya tambayi dalili ba.