Kaifin Aska Da Tarihin Ƙarfe A Tishigu

A zauren kakana a Tishigu na fara jin ƙarar aska a kan dutsen washi. Shi wanzami ne, kuma har yau Dagomba na kiran mai wannan sana'a “wanzam”, alamar cewa daga ƙasar Hausa ta zo, ta bin hanyar fatauci zuwa Gwanja. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 Hausawa da yawa sun watse, kuma da Turawan Ingila suka mayar da hedikwatar Arewa daga Gambaga zuwa Tamale a 1907, sai masu sana'a suka yi ta kwararowa garin.

Abu na farko da ya koya mini shi ne kaifi daga maƙera yake farawa. A da, daga tama ake narko ƙarfe, kuma ingancinsa kan bambanta daga wannan narki zuwa wancan. Da motoci suka yawaita, maƙera suka koma ga tsohon sifirin mota. Idan aka gasa shi ya yi ja aka tsoma a ruwa ko mai, sai ya yi tauri; in taurin ya yi yawa baki ya ɓalgace, in ya gaza ya lanƙwashe.

Na biyu, yadda ake kwantar da baki. Aska kusan kwance take bin dutse, don gashi kawai za ta yanka. Barhon mahauci kuwa ana ɗan ɗaga shi, domin siririn baki ba ya jure ƙashi. Hannu ya tsaya a wuri ɗaya. In yana rawa, sai bakin ya dunƙule.

Na uku, bin mataki: dutse mai kaushi, sannan mai laushi da ɗan ruwa, daga ƙarshe fata. Fatar ce ke cire siririn ƙarfen da ke maƙale a baki. Wanda ya tsallake ta, yanka biyu wuƙarsa ta dakushe.

Yau reza ta kori aska saboda tsoron cututtuka, kuma wannan daidai ne. Amma inji ya kori dutse, ga shi yana zafafa baki har ya yi shuɗi, taurinsa ya tafi. A Babbar Sallar bara na ga rago yana wahala a ƙarƙashin irin wannan wuƙa. Washegari na ciro dutsen kakana, na kira ɗana.