2.3 Waiwaye a Kan Tarihin Gyaran Ma'auni a Hoton PET na Ƙananan Dabbobi

A wannan sashe za a yi waiwaye ne a kan yadda masana suka tunkari wata matsala da ta daɗe tana addabar na'urar PET, wato yadda take rage ƙimar sinadarin da ya taru a gaɓa idan gaɓar ƙarama ce. Na'urar ba ta ganin ɗigo a matsayin ɗigo, sai dai ta baza shi. Saboda haka wani kaso na hasken ƙaramar gaɓa yakan malala zuwa maƙwabtanta, nasu kuma ya kwararo cikinta.

Matsalar ta girmi binciken dabbobi. Hoffman da Huang da Phelps (1979) su ne suka fara auna ta filla-filla, inda suka nuna cewa sai faɗin abu ya kai kimanin ninki biyu na kaifin ganin na'ura kafin a sami ƙimarsa ta gaskiya. Daga nan aka sami lambar gyara, wadda ake raba ma'aunin da aka gani da ita. Kessler da abokan aikinsa (1984) suka ƙara da cewa dole a lissafa hasken da ke kewaye. Daga baya Müller-Gärtner (1992) da Rousset (1998) suka shigo da hoton MRI domin shata iyakokin gaɓoɓi, amma ƙwaƙwalwar ɗan Adam ce a gabansu.

Da Cherry da abokan aikinsa suka ƙera microPET a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles a shekarar 1997, kaifin gani ya kai wajen milimita 2. Ci gaba ne babba, sai dai bai wadatar ba. Ɓeran gwaji nauyinsa giram 20 zuwa 30 ne, mutum kuwa kilo 70, ke nan a tsawo da faɗi gaɓoɓin ɓera sun gaza na mutum da wajen ninki 14. Kaurin bangon zuciyarsa bai wuce kimanin milimita 1 ba. A ganin mai wannan nazari, nan ne gyaran ya zama tilas, domin mai gwada maganin sankara zai iya ɗauka cewa ƙari ya daina shan sinadari, alhali girmansa kawai ya ragu. Haka kuma ƙwayar fositiron kanta takan yi 'yar tafiya kafin ta ɓace, abin da ƙera na'ura mai kyau ba zai hana ba.

A shekarar 2008 ƙungiyar NEMA ta Amurka ta fitar da ƙa'idar NU 4, wadda ta tanadi kwalbar gwaji mai ramuka biyar, daga milimita 1 zuwa 5. Da ita ake fitar da lambar gyara ta kowace na'ura, a kuma kwatanta sakamakon wannan ɗakin bincike da na wancan.