Toshe, Datse da Kange

Toshe na nufin cusa abu cikin kafa har ta cike, kamar yadda manomin Ɗambatta kan toshe ramin ɓera a gindin rumbu da laka. Daga wannan kalma aka sami toshiyar baki. Datse kuwa tare abu mai tafiya ne, musamman ruwa. Da aka ɗora mata ɗafin ma- na wuri, sai ta haifi madatsa, irin ta Watari a Bagwai.

Kange ta gona ce: a jera ƙaya ko kara, a yi shinge saboda dabbobi. A nan rigima kan tashi, domin inda gonaki suka matsu, wani kan kange burtali (daga burtol na Fulatanci), makiyayi ya rasa hanyar mashaya.