Daga Ƙungiyar Ɗalibai zuwa Teburin Sulhu: Asalin Yarjejeniyar Roma ta 1992

Rikicin da ya biyo bayan zaɓen Mozambik na watan Oktoba 2024, wanda aka bayyana Daniel Chapo na jam'iyyar Frelimo a matsayin wanda ya lashe shi, ya sake tayar da tsohuwar muhawara a kan yarjejeniyar da aka sa wa hannu a birnin Roma ranar 4 ga Oktoba 1992. Wasu na ganin ita ce ta raba ƙasar da yaƙi, wasu kuma na zargin ta da kafa tsarin jam'iyyu biyu wanda ya bar mulki a hannu ɗaya. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne yadda wata ƙungiya da ɗalibai Kiristoci suka kafa, wadda ba ta da soja ko baitulmali, ta zama mai shiga tsakani a yaƙin da aka ƙiyasta ya ci rayukan mutum kusan miliyan ɗaya.

Shigar malaman coci cikin sasanta masu mulki tsohon abu ne a Turai, domin fafaroma ya sha raba gardama tsakanin sarakuna tun a zamanin da, sai dai labaran wancan lokaci sun cakuɗe da neman iko, kuma ba su da alaƙa ta kai tsaye da abin da ya faru a Roma. Tushe mafi kusa shi ne babban taron cocin Katolika na Vatikan na biyu, wanda ya gudana daga 1962 zuwa 1965, ya kuma ƙarfafa wa mabiya waɗanda ba limamai ba gwiwa su ɗauki nauyin al'amuran duniya da kansu. A cikin wannan yanayi, a shekarar 1968 da ɗaliban Turai suka cika tituna da zanga-zanga, wani matashi mai shekara 18, Andrea Riccardi, ya tara abokan karatunsa na makarantar Virgilio a Roma domin karatun Littafi Mai Tsarki da hidimar matalauta. Aikinsu na farko shi ne koyar da yaran da ke zaune a bukkokin kwano da katako a gefen birnin, 'ya'yan waɗanda suka yi ƙaura daga kudancin Italiya. Da suka shiga jami'a ba su watse ba, kuma a 1973 suka sami mazauni a wani tsohon gidan mata masu zaman ibada da ke unguwar Trastevere, kusa da ƙaramin cocin Sant'Egidio, wanda daga gare shi ƙungiyar ta sami sunanta.

Mozambik ta sami 'yancin kai daga Fotugal ranar 25 ga Yuni 1975 a ƙarƙashin Samora Machel, kuma a 1977 jam'iyyarsa ta Frelimo ta ayyana kanta a matsayin jam'iyyar gurguzu. Gwamnati ta ƙwace makarantu da asibitocin coci, saboda tana kallon cocin Katolika a matsayin abokin tafiyar mulkin mallaka, zargin da ba a rasa gaskiya a cikinsa ba. A ɗaya ɓangaren, hukumar leƙen asirin Rodeshiya, wato Zimbabwe ta yau, ta taimaka wajen kafa ƙungiyar 'yan tawaye ta Renamo, wadda gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ta karɓi ɗawainiyarta bayan 1980. Renamo ta yi ƙaurin suna wajen ƙona ƙauyuka da makarantu da sace yara, amma ta kuma sami magoya baya a tsakiyar ƙasar, inda manoma suka ƙi jinin tilasta musu komawa ƙauyukan haɗaka da kuma tuɓe sarakunan gargajiya.

Igiyar da ta haɗa waɗannan duniyoyi biyu ita ce abota da Jaime Gonçalves, bishop na birnin Beira, wanda ya san 'yan Sant'Egidio tun a tsakiyar shekarun 1970. Da ya kai musu kukan takurawar da ake yi wa coci, sai suka bi wata hanya da jakadan gwamnati ba zai iya bi ba: a farkon shekarun 1980 suka haɗa shi da Enrico Berlinguer, shugaban jam'iyyar gurguzu ta Italiya, wanda maganarsa ke da nauyi a wurin shugabannin Frelimo. Bayan haka ƙungiyar ta tara kayan agaji ta aika Mozambik a lokacin fari da yunwa, abin da ya buɗe mata ƙofofin ministoci a Maputo, babban birnin ƙasar. A 1988 Gonçalves ya je dajin Gorongosa ya gana da Afonso Dhlakama, jagoran Renamo. Saboda haka, kafin a zauna a teburi ko sau ɗaya, masu shiga tsakanin sun shafe fiye da shekara goma suna sabawa da ƙasar, kuma kowane ɓangare ya san fuskokinsu.

Yunƙurin da shugaban Kenya Daniel arap Moi da na Zimbabwe Robert Mugabe suka yi a 1989 bai kai ga zaman gaba da gaba ba, kuma dalilin a fili yake, domin sojojin Zimbabwe na yaƙi a gefen gwamnati, yayin da Maputo ke zargin Kenya da karkata ga Renamo. A watan Yuli 1990 wakilan ɓangarorin biyu suka haɗu a tsohon gidan ibadar na Trastevere, Armando Guebuza yana jagorantar tawagar gwamnati, Raul Domingos kuma ta Renamo. Mutum huɗu suka zauna a tsakani, wato Riccardi, da wani matashin limami mai suna Matteo Zuppi, da Gonçalves, da Mario Raffaelli, ɗan majalisa mai wakiltar gwamnatin Italiya. Da farko matsayin 'yan kallo aka ba su, sai daga baya, da ɓangarorin suka kasa amincewa da wata ƙasa, aka mayar da su cikakkun masu shiga tsakani.

Tattaunawar ta ɗauki wata 27 a zama 11, kuma jinkirin ya jawo suka mai zafi, tun da mutane na ci gaba da mutuwa a gida yayin da wakilai ke gardama a kan kalmomi a Roma. Sai dai wanda ya duba abin da aka yi gardama a kansa zai ga cewa jinkirin shi ne aikin. Gwamnati na kiran 'yan Renamo 'yan fashi masu makami, tana tayin yi musu afuwa kawai, su kuwa ba su yarda ma akwai halattacciyar gwamnati a Maputo ba. Sanarwar zaman farko ta sa kowane ɓangare ya amince cewa ɗayan ɗan ƙasa ne ɗan'uwansa. A watan Disamba 1990 aka cimma ƙwarya-ƙwaryar tsagaita wuta wadda ta taƙaita sojojin Zimbabwe ga hanyoyin Beira da Limpopo, kuma a Oktoba 1991 Renamo ta yarda ta yi aiki a ƙarƙashin hukumomin ƙasa da ke akwai, gwamnati kuma ta yi alkawarin ba za ta kafa dokar da ta saɓa wa abin da za a amince da shi ba. A tsawon wannan lokaci mayaƙan da suka fito daga daji suna koyon yadda ake rubuta buƙata, da yadda ake ja da baya a wani batu domin a samu a wani, wanda shi ne horon farko na zama jam'iyyar siyasa.

Akwai masana da ke ganin duk wannan ado ne kawai, suna cewa ƙarshen yaƙin cacar baka, da faɗuwar wariyar launin fata, da mummunan farin 1992 su ne suka tilasta wa ɓangarorin ajiye makamai, don haka ko wa ya zauna a tsakani da an sami sulhu. Hujjar tana da ƙarfi, amma Angola ta raunana ta. Ita ma tsohon yankin Fotugal ce, gwamnatin gurguzu ce ke yaƙi da 'yan tawayen da Afirka ta Kudu ta goya wa baya, kuma yarjejeniyar Bicesse ta 1991 ta samu ne da hannun Fotugal da Amurka da Tarayyar Sobiyet. Duk da haka, bayan zaɓen Satumba 1992 jagoran 'yan tawayen, Jonas Savimbi, ya koma daji, kuma yaƙin bai ƙare ba sai 2002. Gaskiya ne man fetur da lu'ulu'u sun ba mayaƙan Angola abin ci gaba da yaƙi wanda na Mozambik ba su da shi, amma gaskiya ne kuma an gaggauta zaɓe a can tun kafin a kwance ɗamarar mayaƙa, kuma ba a taɓa warware batun amincewa da juna ba.

Bayani na biyu, wanda masoya Sant'Egidio suka fi so, yana danganta nasarar ga addu'a da tsarkin niyya, kuma shi ma ya gaza. Gwamnatin Italiya ce ta ɗauki nauyin kuɗin zaman. Attajirin Birtaniya Tiny Rowland na kamfanin Lonrho, mai jari a Mozambik, ya riƙa ba Dhlakama jirgi. Mugabe ya taimaka aka haɗa shugaban Mozambik na lokacin, Joaquim Chissano, da Dhlakama a Roma a watan Agusta 1992, kuma a zagayen ƙarshe Amurka da Birtaniya da Faransa da Fotugal da Majalisar Ɗinkin Duniya suka shigo a matsayin 'yan kallo domin batutuwan soja. Bayan sa hannu, rundunar Majalisar mai sojoji fiye da 6,000, a ƙarƙashin wakili na musamman Aldo Ajello, ita ta kula da kwance ɗamara, aka kuma buɗe asusu na musamman domin mayar da Renamo jam'iyya. A zaɓen Oktoba 1994 Chissano ya yi nasara, Frelimo ta sami kujeru 129 daga cikin 250, Renamo kuma 112. Abin da Sant'Egidio ta kawo shi ne dogon sabo da rashin wata buƙata ta kashin kanta a ƙasar, ƙasashe kuwa suka kawo kuɗi da tabbaci.

Abin da ya biyo baya ya nuna iyakar wannan salo, wanda masana ke kira diflomasiyyar layi na biyu, wato sasanci ta hannun waɗanda ba jami'an gwamnati ba. A Janairu 1995 Sant'Egidio ta tara jam'iyyun adawar Aljeriya a Roma suka fitar da matsaya guda, amma gwamnatin da sojoji ke juyawa ta yi watsi da ita a matsayin katsalandan. A Yuni 2017, da shiga tsakaninta, an sa hannu kan tsagaita wuta tsakanin ƙungiyoyin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya, washegari kuwa faɗa ya ɓarke a garin Bria. A Mozambik kanta Renamo ta sake ɗaukar makami a 2013, sai a Agusta 2019 shugaban ƙasa na lokacin, Filipe Nyusi, da sabon jagoran Renamo, Ossufo Momade, suka ƙulla wata sabuwar yarjejeniya, bayan rasuwar Dhlakama a 2018. Takardar 1992 ta tsara yadda za a daina harbi da yadda za a yi zaɓe, amma ta bar naɗa gwamnonin larduna a hannun shugaban ƙasa, kuma wannan batu na rabon iko shi ne jigon takaddamar da ta kai ga gyaran tsarin mulki na 2018.