Ibrahim Galadima da Ma'aunin Shugabancin Wasanni

Duk inda aka ambaci Alhaji Ibrahim Galadima a gaban masu bin ƙwallon ƙafa a Najeriya, abu biyu ke fara zuwa bakinsu: wasan Angola a Kano, da maganarsa cewa zuwa gasar cin kofin duniya ba gadon gidan Najeriya ba ne. A ganina, auna shi da waɗannan biyun kaɗai rashin adalci ne, kuma irin wannan awon ne ya hana mu gane ainihin aikin mai gudanar da wasanni.

An haife shi a Fagge, kuma daga ƙasa ya faro. Ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta Jihar Kano a ƙarshen shekarun 1970, ya riƙe hukumar wasanni ta jihar, daga baya ya zama kwamishina. Yana cikin waɗanda suka tsaya aka kafa Kano Pillars a 1990, inda aka haɗe ƙungiyoyin WRECA da Golden Stars da Bank of the North. Hikimar a fili take: ƙungiyar da ke rataye da aljihun ma'aikata ɗaya takan durƙushe ranar da aka sauya manaja, amma wadda gari ya ɗauka tasa ce ba ta rasa masu tallafa mata. Sai da aka shekara 18 kafin Pillars su ɗauki kofin gasar ƙasa a 2008, suka kuma jera shi a 2012, 2013 da 2014. Shukar mai gudanarwa kenan, sau da yawa wani ne ke girbe ta.

A 2002 ya zama shugaban hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, NFA. A zamaninsa Enyimba ta ɗauki kofin zakarun Afirka a 2003 da 2004, abin da babu ƙungiyar Najeriya da ta taɓa yi. Super Eagles ta zo ta uku a Tunisiya a 2004. 'Yan ƙasa da shekara 20, ƙarƙashin Samson Siasia, sun kai wasan ƙarshe na duniya a 2005, Ajantina ta doke su da ci 2-1, duka ƙwallayen biyu Messi ya ci a bugun fenariti.

Sai wasan Angola na neman gurbin gasar cin kofin duniya, ranar 18 ga Yunin 2005 a filin wasa na Sani Abacha a Kano. Okocha ya fara ci, Angola ta rama, aka tashi 1-1. Aka yi ta cewa zafin Kano ne ya karya 'yan wasan da suka saba da sanyin Turai, kuma Galadima ya kai wasan garinsu ne don son kai. Lissafin bai goyi bayan wannan zargi ba. Ƙasashen biyu sun ƙare da maki 21 kowacce, aka raba gardama da sakamakon karawarsu da juna, Angola ta wuce. Tun a 2004 Angola ta ci Najeriya 1-0 a Luwanda, kuma an zubar da maki a kunnen doki da Gabon da Ruwanda. Shugaba yana da nasa kason laifin, domin shirya tawaga na wuyansa, amma ɓarnar ta riga ta zo Kano.

Abin da ya biyo baya ya fi wasan muhimmanci. An sake zaɓensa a Kano a Disambar 2005, ma'aikatar wasanni ta ƙi amincewa, FIFA ta shigo, a 2006 aka sake zaɓe Sani Lulu ya hau. Tushen rikicin shi ne Doka ta 101 ta 1992, wadda ta ba gwamnati iko a kan hukumar. Mai ba da kuɗi yana son a ji maganarsa, ƙa'idar FIFA kuwa ta hana gwamnati sa baki.

Wannan matsi bai tsaya a Abuja ba. Daraktan wasanni na jami'a ko kwaleji ma ba shi ke riƙe da baitulmali ba, kuma ba a tuna da shi sai gasar jami'o'i ta NUGA, wadda aka fara a Ibadan a 1966, ta ƙarato. Idan aka dawo da lambar zinariya a yabe shi, idan babu a zarge shi, ba wanda ke tambayar ɗalibai nawa suka sami filin atisaye a shekarar. Batun filin atisayen nan ya fi ciwo a Ƙaramar Hukumar Ungogo ta Kano. Birni yana ta cinye gonaki daga Rijiyar Zaki zuwa Bachirawa da Panisau, ana yanka fuloti, filayen da samari ke buga ƙwallo bayan girbi suna ƙarewa, alhali sabon mazaunin Jami'ar Bayero na maƙwabtaka da su.

Ina kira ga masu riƙe da wasanni a manyan makarantun Kano da Ƙaramar Hukumar Ungogo su killace filayen makarantun firamare da sakandare, su yi musu takardu, su dawo da gasar makarantu duk shekara, kafin masu awon fuloti su iso.